Furen da za ki ɗora a kan kek: wanda za ki saya da wanda za ki guje wa

Shekara uku da suka wuce na yi wa 'yar yayata kek ɗin biki mai hawa uku, fari tas, da kirim ɗin bota. Amarya ta kafe sai an sa mata shuɗin ros irin wanda ta gani a Instagram. Na yi oda a wani shagon furanni, aka kawo da safe, na sossoka karan a jikin kek na tura firji. Kafin la'asar shuɗin ya fara tsiyaya ta gefe. Da na zare fure ɗaya sai na tarar ruwan karan ya jiƙa cikin kek ɗin, na lasa na ji ɗaci. Hawan sama dungurungum na sauke na zubar ina hawaye, don na san yara ne za su fara kai hannu. Tun daga ranar, kafin in tambayi farashi sai na tambayi kaina: in yaro ya tsinki furen nan ya jefa a baki, me zai same shi?

Furen shago shi ne kowa ke fara nufa, kuma babu musu ya fi cika ido. Amma don ado aka noma shi, ba don ci ba. Manyan ros ɗin da ake shigowa da su galibi daga gonakin Kenya suke, musamman na gefen tafkin Naibasha, ko Habasha, ko ta kasuwar furanni ta Holan. Tunda ba abinci ba ne, ba a yi masa iyakar maganin ƙwari irin wadda ake yi wa tumatir ko latas. A 2016 masu bincike a Beljiyam sun gwada damin furanni 90 daga shaguna, suka samu sinadaran feshi iri 107. Wasu magungunan shuka na zuƙe su ne har cikin jikinta, don haka ko sau goma kika wanke ba za su fita ba. Ga ruwan da ake jiƙa karan a ciki mai maganin hana ruɓa, ga koren soson nan da ake cusa furanni a ciki, wanda yake marmashewa kamar gari.

Akwai kuma waɗanda ko ba feshi guba ce a jikinsu. Oliyanda, mai siririn dogon ganye da fure ruwan hoda ko fari da ake shukawa a bakin titi da harabar makarantu, tana da sinadarin da ke rikita bugun zuciya. Kariya ma haka, duk da kyan furenta, da ruwanta ake haɗa dafin kibiya a wasu sassan Afirka. Zaƙami da tumfafiya kowa ya san su. A cikin na shago, ki nesanta kek ɗinki da haidiranjiya (hydrangea) da kala lili (calla lily) da dafodil (daffodil). Ƙananan fararen furannin nan na jifsofila da suka cika hotunan biki suna sa ƙaiƙayi da ɓacin ciki, kuma zubewa suke yi su manne a kirim. Ganyen bishiyar turare ma ba a ci.

Ni dai zaɓina, 'yar uwa, shi ne furen da ake ci, wanda kika shuka da hannunki ko kika san mai lambun ido da ido. A tsakar gidana tukwane shida ne na ros, ban taɓa yi musu feshi ba. In ƙwari suka zo, ruwa nake watsa musu da ƙarfi in tsince ganyen da ya lalace. Furen bai kai na waje girma ba, amma yana da ƙamshin da na shago ba shi da shi. Da sassafe nake tsinka kafin rana ta buɗe, in tsoma a ruwan sanyi in girgiza a hankali don ƙananan ƙwari su fito, in shanya a kan tsumma mai tsabta. Farin gindin kowane ganyen fure yana da ɗaci, sai in datse shi, in cire zaren tsakiya mai gari-gari saboda masu asma da atishawa.

Sannan ga abin da muke da shi a ƙofar gida muke rainawa. Ɗanyen zoɓo, in ya shigo kasuwa bayan damina, ki zaɓi manya, ki cire ƙwallon ciki ba tare da kin yaga shi ba, ki dafa a ruwan suga na ɗan lokaci, ki tsane shi sosai. Ja ne jawur mai sheƙi, yana tsayuwa kamar kambi a kan farin kek, kuma tsami-tsaminsa na rage gundurar zaƙi. Sai dai in bai tsane ba zai rina miki kirim. Furen zogale ma ana ci, fari ne mai ratsin rawaya, yana kyau a zagaye gindin kek. In kina so su daɗe, ki sami garin ƙaro mai tsabta na abinci, ki narka a ruwa kaɗan, ki shafa wa ganyen ros da ƙaramin burushi, ki barbaɗa suga mai laushi. Da hunturu kwana ɗaya ya isa su bushe ƙayau, su yi makonni a kwalba mai murfi. Na fi son ƙaro a kan farin ƙwai, don ɗanyen ƙwai a zafinmu kasada ce. Aibin furen da ake ci biyu ne: ba kullum ake samu ba, kuma a watan Afrilu awa biyu sun isa fure ya yi yaushi, shi ya sa sai an kusa yanka kek nake ɗorawa.

Furen suga lafiyayye ne, amma tsada da cin lokaci, kuma da damina laushi yake yi. Busasshen ros na shayi ya wadatar in barbaɗawa kawai za ki yi. Na roba kuwa ban ma sa shi a lissafi.

Inda na fi so ki buɗe kunne shi ne wajen masu sayarwa. Babu ros ɗin da Allah ya halitta shuɗi fes, ko baƙi ƙirin, ko mai launin bakan gizo. Galibi fari ne aka shayar da shi ruwan rini ko aka fesa masa fenti, duk rantsuwar da za a yi miki. Ki jiƙa farar takardar goge hannu ki shafa a jikin furen, sannan ki yanka karan ki duba cikinsa. In launi ya fito, ki ajiye musu kayansu. Akwai ros ɗin da ake sakawa a akwati ana cewa yana shekara bai mutu ba. Wannan an jiƙa shi ne da gilisarin da rini, kada ya kusanci abinci. Wasu kuma turare suke fesa wa fure don ki ɗauka sabo ne, ko su fige ganyen waje da suka yi baƙi. Ki matsa gindin furen da yatsu biyu: sabo da tauri yake, tsoho lugub.

Mafi haɗari shi ne mai cewa "Hajiya, wallahi ba feshi." Faɗa ba ta da wuya. Ki tambaye shi a ina gonar take, me yake yi in ƙwari suka kama, yaushe ya yi na ƙarshe. Mai gaskiya zai nuna miki kwalbar ko ya kai ki lambun, ko a Jos yake zai turo miki bidiyo. Mai ƙarya sai ya fara kame-kame. Na taɓa ganin mai lambun bakin titi yana fesa wa shukarsa piya-piya, yana kuma ban ruwa da ruwan kwata. In kin sayi shuka a irin wurin nan, ki tsinke duk furen da ya zo da shi ki zubar, ki canja ƙasar tukunyar, ki jira watanni sai sabbin rassa sun fito sun yi nasu.

In mai biki ta dage sai furen shago, to ros ko kaneshan (carnation) kawai nake karɓa, marasa rini. In wanke karan, in naɗe shi da ledar abinci, in zura a cikin ɗan bututun roba mai toshe ƙasa, shi nake sokawa a kek. Koren tef ɗin masu furanni shi kaɗai bai isa ba, waya kuma tsatsa take yi. Inda kan furen zai kwanta ina shimfiɗa faifan roba mai haske tsakaninsa da kirim. Sannan in kira wadda za ta yanka kek ɗin da kaina, in gaya mata adadin furannin da na sa, ta ƙirga su cif ta cire kafin wuƙa ta taɓa shi.