Shagon butocin azurfa a kasuwar Saint-Ouen: abin da na gani da idona

Jama'a ranar Asabar na raka Goggona kasuwar kayan da ta Saint-Ouen, wadda ke bakin Paris ta arewa, jirgin ƙasa layi na 4 zaka hau ka sauka Porte de Clignancourt sai ka ɗan taka. Asabar da Lahadi da Litinin take ci. Ita Goggo tun daga Maradi take min maganar wai tana son irin butar nan ta sarakunan Faransa da daronta ta saka a falo, to shago ɗaya muka fi daɗewa a ciki, na wani dattijo da ba ya sayar da komai sai azurfa, shi zan baku labari.

Abin da suke kira aiguière buta ce mai dogon wuya da mariƙi, tana zuwa da daro wato bassin, da can ita ake zuba wa manya ruwa su wanke hannu, kamar dai yadda yaro zai zagayo da shantali da tasa in an kawo tuwo. Wadda aka sha wa ruwan zinare a kan azurfa ita ce vermeil. Wallahi kyau kam akwai, hasken ma ba irin na gwal ɗin kanti bane mai kashe ido, wani ja-ja ne mai sanyi.

Goggo tana shiga ta nufi wata mai ado kamar ɓawon kodi da igiyar ruwa, ko'ina a murɗe babu layi ɗaya miƙaƙƙe, mariƙin ma kamar reshen kabewa ya naɗe. A takardar jikinta an rubuta Louis XV da manyan baƙaƙe. Tace “ɗan nan wannan nake so, tambaye shi.” Ni kuma na juya gindin butar, dattijon ya miƙo min gilashin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido, sai ga wani ɗan mitsitsin hatimi, kan mace da hular yaƙi. Minerve kenan, hatimin da hukuma ke bugawa a jikin azurfa, kuma a 1838 Faransa ta fara buga shi, alhali sarki Louis XV ya mutu tun 1774. Na ɗago na kalle shi, yayi murmushi ya nuna min kalmar style da aka rubuta ƙanana a sama. Ashe bambanci ne babba a wajensu, époque na zamanin ne da gaske, style kuwa kwaikwayon salon ne aka yi daga baya. Bai yi ƙarya ba, amma dai rubutun nan da gangan aka ƙanƙanta shi, nan kam na rage masa maki.

Daga nan fa bakinsa ya buɗe, sai da muka kusa awa. Yace na ainihin zamanin sarakuna sunyi ƙaranci saboda Louis XIV ya sa an narkar da azurfar fada a 1689 don kuɗin yaƙi, aka sake a 1709, Louis XV ma yayi nasa a 1759, ga juyin juya hali ya zo ya ƙarasa sauran. Shi yasa aikin maƙera irin su Thomas Germain sai gidan tarihi ko babban gwanjo. Ya koya min hatimai, zakara daga 1798 zuwa 1819, kan tsoho daga 1819 zuwa 1838, sannan Minerve. Lamba 1 a gefenta, a kayan da aka yi kafin 1973, na nufin azurfa 950 cikin dubu, 2 kuma 800, alamar maƙerin tana cikin wani ɗan zane mai kusurwa huɗu kamar daimon ɗin kati.

Ni dai wadda ta tafi da hankalina ta zamanin Napoleon ce, salon Empire. Jikinta sumul kamar ƙwai, wuya siriri, ado kaɗan ne na ganyen dabino a zagaye, mariƙin kuma wuyan agwagwar ruwa ne ya lanƙwaso kan na leƙa bakin butar. Irin aikin da maƙera Odiot da Biennais suka yi suna da shi, duk da wannan ba tasu bace. A ciki-cikin daron zinaren ya ɗan koɗe inda ruwa ke sauka har azurfar ta leƙo fari, yace kar a kuskura a sake shafa mata, darajarta zata faɗi. Da zaiba ake wannan shafin a da, a kwaɓa zinare da ita a shafa a gasa a wuta zaibar ta tashi, hayaƙin ya halaka ma'aikata da yawa kafin a koma na lantarki wajen 1840 da wani abu. Na Louis XVI ma akwai guda biyu, layi-layi da ƙullin ribon, basu burge ni ba.

Kuɗi kuwa kar ku tambaya. Da ya faɗi na Empire ɗin Goggo ta buga lissafi a sefa ta nemi kujera. Ciniki ana yi amma ragin ba wani abin kirki bane, kuma shagon matsattse ne ko juyawa da jaka sai kayi a hankali. Sai dai ya yarda zai rubuta shekaru da nauyi da hatimi a rasit, ya kuma faɗa da kansa cewa yawancin kayan kamfanin Christofle da ake gani a kasuwar shafin azurfa ne kawai a kan wani ƙarfe, ba azurfa zalla ba.

Muna fita na tuna wa Goggo maganar haramcin ci da sha a kwanon zinare da azurfa, nace ko ajiyewar ma gara ta fara jin ta bakin malaminta. Tace ai ta ma fasa tun da taji kuɗin, amma in karɓo mata katin dattijon ko da Alhaji zai shigo bayan sallah.