Sharhi a kan kundin waƙoƙin yaƙi na Wilfred Owen

Littafin da na saya ƙaramin bugu ne mai arha da ya tattara waƙoƙin Wilfred Owen, hafsan sojan Birtaniya da aka kashe ranar 4 ga Nuwamba 1918 a arewacin Faransa, saura mako guda a tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Farko. Shekarunsa 25 a lokacin, kuma waƙoƙinsa biyar ne kacal aka buga yana raye, domin sai a 1920 abokinsa Siegfried Sassoon, wanda shi ma soja ne kuma marubucin waƙoƙi, da marubuciya Edith Sitwell suka fitar da kundinsa na farko. Waƙoƙin sun cancanci a neme su ko da tsada, amma wannan bugun bai ba su haƙƙinsu ba.

Wanda kunnensa ya saba da kirarin mazaje da waƙar zuga jarumai zai ji wani banbaraƙwai a nan, saboda Owen ba ya zuga kowa. A waƙarsa mafi shahara, "Dulce et Decorum Est", sojoji ne suke ja da baya daga fagen daga, sun ranƙwafa don gajiya, suna tari, wasu ba takalma, ƙafafunsu jina-jina, suna tafiya suna gyangyaɗi. Kwatsam aka harbo iskar guba, kowa ya yi ta kici-kicin saka abin rufe fuska, mutum ɗaya bai samu ya saka nasa a kan lokaci ba. Mawaƙin yana hangensa ta koren gilashin abin rufe fuskarsa yana shaƙewa, daga baya aka jefa shi cikin amalanke, kuma duk gargadar da aka shiga sai jini ya taso masa daga huhu. Sai da ya tilasta wa mai karatu ya bi bayan amalanken nan da ido, sannan ya ɗauko tsohon zancen mawaƙin Rum, Horace, cewa mutuwa domin ƙasa abu ne mai daɗi da daraja, wanda daga cikinsa ne sunan waƙar ya fito, ya kira shi ƙarya. Da Jessie Pope ya fara nufin waƙar, wata marubuciya da ke buga baitocin kwaɗaitar da samari shiga soja a jaridu.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce "Disabled", alhali ba a harba ko harsashi ɗaya a cikinta. Saurayi ne zaune a keken guragu da magariba, ba ƙafafu, yana jiyo hayaniyar yara a filin wasa. Ya shiga soja ne bayan wani wasan ƙwallo don ya burge budurwa, ya yi ƙaryar shekarunsa, masu ɗaukar suna kuwa suka rubuta 19 suna murmushi. Yanzu idon mata tsallake shi yake yi zuwa ga masu lafiya, shi kuma yana jiran wanda zai zo ya kwantar da shi. A ganina nan ne adawar Owen ta fi kaifi, domin laifin bai tsaya ga abokan gaba ba, ya hau kan waɗanda suka tura yaron da tafi da kiɗa.

Akwai masu ganin tufka da warwara a rayuwarsa, tunda bayan jinyar firgicin yaƙi a asibitin Craiglockhart da ke Edinburgh a 1917, inda ya haɗu da Sassoon, ya koma Faransa a 1918 har ya samu lambar yabo ta Military Cross. Ni ban ɗauke shi haka ba. Sassoon ya fito fili da takardar ƙin ci gaba da yaƙi, wadda aka karanta a majalisar dokoki, shi kuwa Owen ya tsaya tare da sojojin da ke ƙarƙashinsa ya zama bakinsu, kuma wannan ne ya sa ba mai iya ce masa matsoraci don a rufe masa baki. Hatta amsa-amonsa da gangan yake barinsa bai cika ba, baƙaƙe su dace wasula su saɓa, sai kunne ya kasa samun natsuwa. Ba a gane wannan sosai sai an karanta a bayyane.

Matsalar bugun ita ce an zuba waƙoƙin barkatai, babu shekarar da aka rubuta kowace, har an cakuɗa baitocin ƙuruciyarsa, lokacin da yake kwaikwayon mawaƙin Ingila John Keats, da na ramukan yaƙi, ta yadda sabon mai karatu ba zai ga inda muryarsa ta sauya ba. Babu bayanin kalmomin barikin soja da sunayen makamai, waɗanda ko mai jin Turanci sosai zai yi tuntuɓe da su, kuma ba a kawo ko ɗaya daga cikin wasiƙun da ya riƙa aika wa mahaifiyarsa, Susan, ba. Rubutun ƙanana ne, takardar kuma shara-shara, har na bayan shafi yana leƙowa. Mai son ɗanɗanawa kawai wannan zai ishe shi, amma ɗalibi ko malami gara ya ƙara kuɗi ya nemi bugun da Jon Stallworthy ya tsara, wanda ya jera waƙoƙin bisa lokacin rubuta su tare da bayani a kan kowace.