Wace alama za ka sa a gaban lambar siga: ^, ~, >= ko ==?

Duk mai ɗora manhajarsa a kan kunshin wani, wato ƴar manhajar da wani ya rubuta don wasu su yi amfani da ita, sai ya yanke iya sabuntawar da ya yarda ta shigo masa ba sallama. Ƴar alamar da ke gaban lamba ita ke ɗauke da wannan hukunci.

A tsarin SemVer, wato ƙa'idar ba siga lamba, siga kamar 1.4.2 gida uku ce. Gidan farko na motsawa idan sabon ya daina jituwa da tsohon, na biyu idan an yi ƙari, na uku kuwa gyaran kuskure ne.

Alamar ^ ita npm, manhajar girka kunshin harshen JavaScript, ke rubuta maka da kansa. ^1.4.2 na karɓar komai har ƙasa da 2.0.0, don haka gyaran tsaro na riskarka cikin sauƙi. Sai dai amana ce ka damƙa wa mai kunshin. A Janairun 2022 aka saki sigar 1.4.1 ta kunshin colors ɗauke da umarnin da ke sa manhaja ta yi ta zuba rubutu ba ƙaƙƙautawa, masu ^1.4.0 da ba su kulle sigarsu ba suka kwasa. A kula kuma, in gidan farko sifili ne, ^0.2.3 ba ta kai 0.3.0.

~ ta fi riƙo, don ~1.4.2 na tsayawa ƙasa da 1.5.0. Harshen Python na da mai kama da ita, ~=, a ƙa'idar PEP 440, kuma nan ne mutane ke tuntuɓe. ~=1.4.2 ba ta kai 1.5, amma ~=1.4 na tafiya har ƙasa da 2.0, alhali ~1.4 ta npm tana nan ƙasa da 1.5.0. Haka lamba tsurarta: a npm sigar nan kaɗai take nufi, a Cargo na harshen Rust kuwa daidai take da ^.

>= ba ta da rufi. Da NumPy 2.0, kunshin lissafi na Python, ya fito a Yunin 2024, kunshi da dama da suka bar ƙofa a buɗe sun daina aiki.

Ni dai ga zaɓina. In manhaja ce da za ka girka wa mutane, sa ^ ko ~=, ka ajiye fayil ɗin kulle irin package-lock.json, mai riƙe ainihin sigar kowane kunshi, ka girka da umarnin npm ci mai bin wannan fayil. In laburare ne da wasu za su jingina da shi, ka guji ==, mai nufin siga ɗaya tak, domin da zarar wani kunshin ya nemi wata siga dabam, pip, mai girka kunshin Python, zai ƙi girka su tare. Faɗi mafi ƙanƙantar sigar da ka gwada, rufi kuwa sai inda ka san akwai karaya.