Wuni ɗaya a Sakkwato: Hubbare, gidan tarihi ko Wurno?

Baƙon da ke da wuni ɗaya tak a Birnin Shehu sai ya zaɓa, don zafin Maris zuwa Mayu kan haura digiri 40, kuma daga azahar yawo ya ƙare.

Mai neman ziyara, Hubbare ne nasa. Nan aka rufe Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya rasu a 1817, kuma 'yarsa Nana Asma'u na kwance kusa da shi. Ana cire takalmi, mata su zo da hijabi, kada a ɗaga waya ɗaukar hoto sai an tambayi masu kula da wurin. Ka riƙe canji don sadaka. Ranar Juma'a akwai cunkoso. Sai dai Hubbare wurin addu'a ne, ba za ka tsaya dogon tambaye-tambaye ba.

Shi ya sa ɗalibi ko mai son sanin yadda Daular Usmaniyya ta kafu gara ya fara da gidan tarihi na Waziri Junaidu, inda ake ajiye rubuce-rubucen Larabci da na ajami, wasiƙun sarakuna da kayan yaƙi. Ofishin gwamnati ne, ka je ranar aiki da hantsi, ka nemi ma'aikaci ya zagaya da kai. Takardun ba sa magana ga wanda bai iya karanta su ba. Daga nan ka wuce Hubbare, ka bi ta ƙofar Fadar Sarkin Musulmi, tunda ba su da nisa da juna. Shiga cikin fada sai da izini.

Wurno kuwa, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake tun 1837, tana cin rabin wuni zuwa da dawowa. A bar ta sai mai kwana biyu, shi ma ya tambayi direbobin tasha halin hanya kafin ya tashi.

Saura tsaraba. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce abin saye: tumtum, gafaka, jaka, takalmi. A babbar kasuwa za ka sami zaɓi da yawa wuri guda, amma a gauraye da na roba. Wurin dukawa a Shiyar Madunka za ka ga aikin a hannu, har ka ba da naka a ɗinka, sai dai ka jira kwanaki. Ko ina ka saya, lanƙwasa fatar: ta akuya tana komawa daidai, ta tunkiya ta fi laushi amma takan saɓule. Shinshina ta, in tana wari, jimar bagaruwa ba ta kama ba, da damina za ta yi fumfuna. Goga farin ƙyalle mai danshi a kan jan rinin, in ya fita sosai zai ɓata maka riga. Tumtum kuma saye shi ba cushe, ka cusa masa auduga in ka isa gida.