Daga Dublin zuwa Garwa: maganar Malta

Yaya, barka da war haka. Ina fatan Inna da yara suna lafiya, ya zafin Garwa?

Ka ce in auno maka kuɗin Malta a nan, tunda ina zaune a garin masu ita, wato kamfanin Guinness. Wallahi sai da na yi wata biyu ban sa ta a ido ba. Manyan kantunan Dublin ba sa ajiye ta, Turawan da muke aiki tare ma ba su san ta ba. A wani shagon 'yan Afirka a titin Moore na same ta, kusa da garin rogo da manja, gwangwanin ɗauke da rubutun Najeriya. Na biya kusan yuro 2, yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne. Na sha ta a tsaye a bakin shagon, sai na tuna ranar sunan Halima, da muka jera kwalabe cikin baho da ƙanƙara.

Kamfanin kuwa kullum ta ƙofarsa nake wucewa, a St James's Gate. Idan suna gasa sha'ir, unguwar duka takan ɗauki ƙamshi kamar ƙanzon tuwo ya kama tukunya. A 1759 Arthur Guinness ya karɓi hayar wurin, shekara 9,000, a kan fam 45 duk shekara. Daga nan baƙar giyarsu ta bi jiragen ruwa har gaɓar Afirka. A 1962 suka gina masana'anta a Ikeja ta Legas, ta farko a wajen Ailan da Birtaniya, daga baya Duwala ta samu tata. Ni dai ka san giya ba hanyarmu ba ce, gidan kallon nasu mai hawa bakwai ma ban taɓa shiga ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suka karanci kasuwarmu: sun ga jama'a da yawa ba sa shan giya, suka kawo musu abin sha mai zaƙi marar sa maye, har ya shiga bikinmu da buɗa-bakinmu. Yanzu ma reshen Kamaru ya bar hannunsu, a 2022 Diageo, kamfanin da ya mallaki Guinness, ya sanar da sayar da shi ga kamfanin Castel, masu Brasseries ɗin nan da ke da masana'anta a Garwa.

Madara ce mai araha a nan, ruwan famfo kuma ana sha kai tsaye. Kuɗin kwalba da muka saba da shi tun muna yara, sai a 2024 suka fara shi kan gwangwani da roba: santi 15 ake ƙarawa a kan ƙanana, in ka zura a na'ura ta ba ka takardar karɓar kuɗinka. Folere, wato zoɓo, mai sanyi irin na bakin kasuwa kuwa babu shi ko na magani. In Kawu zai taso, a ba shi busasshe ya riƙo mini, da ɗan kilishi idan za a bari ya wuce.