Yaƙin teku na zamanin igwa da iska: wanne za ka fara saya?

A labaran jiragen ruwa masu tafiya da iska, iskar ce sarki. Jirgi kan bi abokin gaba yini guda ko fiye yana hango shi, amma igwa ba ta kai gare shi ba tukuna. Don haka kafin ka kashe kuɗinka kan fim ko littafin irin waɗannan labarai, auna haƙurinka, ka kuma auna Turancinka.

In dare ɗaya kawai gare ka, nemi fim ɗin Master and Commander na 2003, wanda Peter Weir ya ba da umarni, Russell Crowe kuma ya fito a Kyaftin Jack Aubrey. Ya ci kambun Oscar biyu, ɗaya a kan sauti, saboda haka kada ka kalle shi da lasifikar waya. Abin da ya fi kama ni a ciki shi ne yadda ya nuna ɓarnar katako. Harsashin igwa zai fasa jikin jirgi, ɓaraguzai masu tsini su watsu kamar kibau, su ne sau da yawa ke raunata mutane. Za ka ga an zuba yashi a ƙasan ɗakin likita don kada jini ya sa santsi, ga yaro ƙarami an yanke masa hannu. A littafin da aka ɗauko labarin, abokin gabar Ba'amurke ne, amma masu fim suka mai da shi Bafaranshe. Kowa dai ya san kasuwar da ake nema.

Mai son karatu amma ba ya son wahala, ya fara da jerin Hornblower na C. S. Forester, wanda ya soma fitowa a 1937. Turancinsa miƙaƙƙe ne, labarin ba ya jan ƙafa. Jarumin ma mutum ne mai shakkar kansa, har amai yake yi in teku ta motsa.

Sai littattafan Patrick O'Brian, waɗanda daga cikinsu aka ɗauko fim ɗin, guda 20 da ya kammala, na farko a 1969. A ganina sun fi sauran daɗi, amma ba na mai gaggawa ba ne. Sunayen igiyoyi da sassan jirgi kaɗai sun isa su kore ka a babi na biyu, ga doguwar hira kan kiɗa da tsuntsaye tsakanin Aubrey da likitansa Stephen Maturin. In ka jure, ladan yana gaba. Babban faɗan littafin farko daga tarihi aka ɗauko shi: a 1801 Thomas Cochrane, wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, da ƙaramin jirginsa Speedy mai igwa 14 da mutum 54, ya kama El Gamo na Sifaniya mai igwa 32 da mutum 319. Manne wa jikinsa ya yi har harbin Sifaniyawa ya riƙa wucewa ta samansa.

Mai neman gagarumin artabu irin na Trafalgar a 1805, inda jiragen Birtaniya 27 ƙarƙashin kwamandansu Nelson suka kara da 33 na Faransa da Sifaniya, gara ya sayi littafin tarihi, don fim ɗin nan jirgi ɗaya ne da ɗaya. Na O'Brian kuwa, kada ka kwashi jerin duka. Sayi na farko, ko da na hannu ne, ka ga ko za ka wuce shafi na 100.