Soja ɗaya a madadin mutum 20, ko guntu 12 a madadin runduna: wanne ya fi kama da yaƙin da?

Ɗan'uwa, ka ce kana son fara buga yaƙe-yaƙen Rumawa da Girkawa a kan tebur, sai ka ci karo da dokoki iri biyu. Wasu suna faɗa maka ƙarara cewa sojan dalma ɗaya mutum kaza ne, inci ɗaya taku kaza, zagaye ɗaya minti kaza. Wasu kuwa cewa suke yi ya danganta da yaƙin. Kana zargin na biyun wasan yara ne aka sa masa rigar tarihi. Ban yarda da kai ba, amma bari mu jera su.

Mu fara da yawan mutane. Tsoffin dokokin Wargames Research Group na Ingila, waɗanda suka fara fitowa a 1969, sun shahara da lissafin soja ɗaya a madadin mutum 20. Abin yana da daɗi: ana kashe mutane kana rubutawa, sun cika ashirin ka ɗauke soja ɗaya. To ɗauki yaƙin Kanne, wanda aka gwabza a Italiya tsakanin Rumawa da Hanibal, kwamandan Kartaj, a shekarar 216 kafin haihuwar Annabi Isa. Folibiyos, masanin tarihi na Girka, ya ce Rumawa sun kai wajen 86,000, Hanibal kuma yana da kimanin 50,000. Raba da ashirin, za ka sayi sojoji 6,800, ka yi wa kowanne fenti. Ba mai yi. Sai mutum ya jera ɗari biyu ya kira su Kanne, alhali a lissafin dokarsa mutum 4,000 ne, ba su ma cika runduna ɗaya ta Rumawa ba, wadda Folibiyos ya ce 4,200 ce.

Dokar DBA (De Bellis Antiquitatis), wadda Phil Barker da abokan aikinsa suka fitar a 1990, ta yanke wahalar: kowane ɓangare guntu 12 ne (guntu ɗan faifai ne da aka manna 'yan sojojin dalma a kai), ko ƙaramar runduna ce ko babba. Ba a ƙirga gawa. Guntu ya ja baya, ya gudu, ko ya tarwatse, wanda ya rasa huɗu ya sha kaye. A Kanne guntun Rumawa ɗaya zai ɗauki mutum sama da 7,000. Aibinta a nan yake: Hanibal ma goma sha biyu gare shi, rinjayen yawan da Rumawa suka zo da shi ya ɓace sai ka gyara da kanka. Commands & Colors: Ancients ta Richard Borg, ta 2006, ta fi sassauci, don kowane yaƙi da nasa jerin. A allo ake buga ta da 'yan katakai a madadin sojojin dalma: rukunin dakarun ƙasa katako huɗu, na mahaya uku, na giwaye biyu.

Tazara ce inda kowa ke yin ƙarya, har masu awo da inci. Sojan dalma mai tsawon milimita 15 ya gaza mutum sau ɗari da ɗoriya. In da girmansa za a bi, filin DBA mai faɗin santimita 60 bai kai mita 70 ba, alhali sahun babban yaƙi kilomita ake magana. To a ce filin nan kilomita uku ne. Milimita ɗaya ta zama mita biyar ke nan. Guntu mai faɗin milimita 40 ya zama mita 200, wannan ba laifi. Amma dubi kaurinsa daga gaba zuwa baya: milimita 15, wato mita 75. Sahun masu dogayen māsu na Makidoniya layi 16 ne, kowane mutum ƙafa uku, duka bai wuce mita 15 ba. Ka ga an kumbura shi sau biyar, ba don tarihi ba, don kawai ƙafar sojan dalma ta sami wurin tsayawa. Shi ya sa juya sahu ko shigar da wata runduna ta bayan wata ke cin wuri a tebur fiye da kima.

Jifa kuma fa? Mashin Rumawa a mita ashirin ko makamancin haka yake aiki, a wannan awo milimita huɗu. Wa zai sa ruler ya auna haka? DBA sai ta ce jifan mashi yana cikin arangama, da zarar guntu ya taɓa guntu an haɗa da shi; 'yan baka da manjanik da ire-irensu kaɗai ke harbi daga nesa. A ganina wannan ita ce shawara mafi hankali a dokar gaba ɗaya. Commands & Colors ta bi wata hanya: allonta gida 13 ne a faɗi, 9 a tsawo, ɗan baka yana harbin gida uku. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fagen Kanne ke nan, ba bakan da ya taɓa kai haka. An yi shi ne don 'yan harbi su sami abin yi, kuma wasan yana armashi, amma kada ka kafa hujja da shi. Masu ƙayyadadden awo su ne suka fi gaskiya a nan, muddin faɗan na 'yan dubbai ne.

Lokaci ba ya buƙatar dogon bayani. In zagaye rabin minti ne ko minti ɗaya, ka buga goma sha biyu ka gama, to yaƙin da aka yi sa'o'i ana gwabzawa ya ƙare kafin minti goma sha biyar. DBA ta ɗauki zagaye a matsayin kusan minti 15, sai ka ga dakaru sun ɗan gusa kaɗan, alhali mai tafiya a ƙasa zai ci kilomita a wannan lokaci. Ba kuskure ba ne. An lissafa da jiran umarni, da daidaita sahu, da tsayuwar da mutane ke yi suna kallon juna kafin wani ya yi ta maza. Dayis ɗin da kake jefawa a farkon zagaye, wanda ke nuna guntu ko rukuni nawa za ka motsa, da katin da ke ce maka dama ko hagu ko tsakiya a wasan Borg, duk wannan jinkirin suke kwaikwaya. Philip Sabin, wanda ya koyar a King's College da ke Landan, ya ma fi su tsanani a wasansa Lost Battles: ya raba fage gida 20 kacal, awon kuma yana sauyawa da girman yaƙin.

Saboda haka in abin da ke burge ka shi ne kwanton ɓauna, ko 'yan ɗaruruwa suna tare mashigar kogi, kana so ka ga kowane jifa, ɗauki mai ƙayyadadden awo, ka tanadi yini guda da takardar lissafi. In kuwa babban yaƙi irin Kanne kake so, ka zauna a kujerar Hanibal ka ga ko tsakiyarka za ta jure har mahaya su zagayo, fara da DBA; sojoji kamar hamsin sun ishe ka, cikin awa ɗaya kun tashi. In fenti ne ba ka so, sayi akwatin Borg, sitika kawai za ka manna a katakai.